Jon Hamond, Masanin Haihuwar Bisashe

Duk mai kiyo yana son garkensa ya ƙaru. Amma ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Wata saniya takan shekara 2 ba ta haihu ba. Wata tunkiya takan haifi ɗa ƙarami marar ƙarfi, ya mutu tun bai yi mako ba. Wani mutum yakan sayi babban rago da tsada, amma ƴaƴan da za a samu su fito ƙanana. Mene ne dalili? Akwai wani Bature, mutumin Ingila, wanda ya yi wajen shekara 50 yana neman amsar waɗannan tambayoyi. Sunansa Jon Hamond.

1. Ɗan manomi

An haifi Jon Hamond ran 23 ga watan Fabrairu na shekarar 1889, a wani ƙauye mai suna Biristan, cikin yankin Nofok, gabashin Ingila. Ubansa manomi ne. Kakansa, wanda aka sa masa sunansa, manomi ne kuma likitan dabbobi. Yankin nan yana da wasu jajayen shanu marasa ƙaho. Kakan Jon yana cikin mutanen da suka fara rubuta asalin waɗannan shanu a littafi, domin a san uban kowace saniya da uwarta. Saboda haka yaron ya tashi cikin shanu da dawaki da tumaki, a gidan da aka saba rubuta abin da ya shafi bisashe.

A shekarar 1907 ya shiga jami'ar Kembirij, ya karanta kimiyya da ilimin noma. A can ya gamu da wani malami mai suna Mashal, wanda ya rubuta babban littafi a kan haihuwar dabbobi a 1910. A zamanin nan masana kaɗan ne suka damu da wannan fanni. Makiyaya sun san abubuwa da yawa ta wajen gado, amma ba su san abin da ke faruwa cikin cikin dabba ba. Hamond ya zama almajirin Mashal, ya kama wannan aiki, bai sake shi ba har mutuwarsa.

Da Yaƙin Duniya na 1 ya tashi a 1914, sai ya shiga soja. Ya yi yaƙi a Faransa, har ya zama kaftin. Bayan da yaƙi ya ƙare ya koma Kembirij, ya ci gaba da bincike.

2. Ƙidaya a mayanka

Kowace macen dabba tana da gidan ƙwai guda 2 a cikinta, kusa da mahaifa. Ƙwan ba irin na kaza ba ne. Ƙarami ne ƙwarai, bai fi tsinin allura ba. Idan ƙwan ya fito ya haɗu da irin namiji, sai ya zama tayi, ya zauna cikin mahaifa yana girma. Duk inda ƙwai ya fito kuwa, sai wani ɗan ƙullutu ya tsiro a wurin. Wanda ya ƙidaya ƙullutan nan zai san yawan ƙwan da dabbar ta saki.

Hamond ya yi amfani da wannan alama. Ya riƙa samo kayan cikin bisashe daga mayanka, yana buɗewa, yana ƙidaya. Ya fi duba dabbobin da ke haihuwar ƴaƴa da yawa, kamar aladu da zomaye. Sai ya ƙidaya ƙullutai, ya ƙidaya ƴan tayin da ke raye, ya rubuta a kayensa. Da ya tara lissafi mai yawa, sai ya ga lambobin ba su zo daidai ba. Ƙwan da uwa ta saki ya fi ƴaƴan da take haifa yawa. Waɗansu ƙwai ba su haɗu da irin namiji ba. Waɗansu kuma sun zama tayi, amma suka mutu tun suna ƙanana, suka shanye cikin mahaifa, ba wanda ya gan su.

Ya buga wannan sakamako a 1914 da 1921. Daga nan aka gane cewa makiyayi yana yin hasara mai yawa wadda idonsa ba ya gani. Aka gane kuma abu 3 ne ke yanke yawan ƴaƴan dabba: yawan ƙwan da ta saki, da yawan wanda ya haɗu da irin namiji, da yawan tayin da ya rayu har ranar haihuwa.

3. Zomo da saniya

Binciken shanu yana da tsada, yana kuma cin lokaci, gama saniya tana yin wata 9 da ciki. Zomanya kuwa wata 1 kaɗai take yi. Don haka Hamond ya tara zomaye masu yawa. Duk abin da yake son ya gwada, sai ya fara da su.

Zomanya tana da wani hali mai amfani ga mai bincike. Ba ta sakin ƙwai sai bayan barbara da kamar awa 10. Ke nan ana iya sanin lokacin da ƙwan zai fito. Da wannan dabara Hamond da abokan aikinsa suka auna tsawon ran ƙwai da na irin namiji. Suka ga irin namiji yana yin kamar awa 30 cikin jikin zomanya kafin ya lalace. Ƙwai kuwa ƴan awoyi kaɗan yake yi. Idan barbara ta zo da wuri ainun, irin namiji ya mutu kafin ƙwai ya fito. Idan ta makara, ƙwan ya riga ya lalace. A 1925 ya fitar da littafinsa a kan haihuwar zomo.

Sannan ya juya ga shanu. Saniyar da ba ta da ciki takan nemi sa bayan kowane kwana 21, ko kusa da haka. Hamond ya sa ido ga shanu dare da rana, yana rubuta lokacin da neman ya fara da lokacin da ya ƙare. Ya samu cewa babbar saniya tana yin kamar awa 19 tana karɓar sa, karsana kuma kamar awa 16. Wato ko kwana 1 bai cika ba. Idan lokacin nan ya wuce, sai a jira mako 3. Idan ya wuce sau 3, an yi hasarar wata 2 na nono, maraƙi ma ya makara da wata 2. Littafinsa a kan haihuwar saniya ya fito a 1927, kuma likitocin dabbobi sun daɗe suna aiki da shi.

4. Babban doki da ƙaramin doki

Masu kiyo ko'ina sun yarda cewa ɗa yana gadon iyayensa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma da yawansu sun fi duba namiji idan suna neman iri mai kyau. Hamond ya so ya san rabon uwa a cikin girman ɗa. Sai shi da abokin aikinsa Ata Waltan suka shirya wani gwaji wanda ya yi suna a duniya.

A ƙasar Birtaniya akwai dawaki iri 2 da suka sha bamban ƙwarai. Na farko ana ce da shi Shaya. Ƙaton doki ne mai jan amalanke da garma. Tsayinsa a kafaɗa ya kai metir 1 da santimetir 70, nauyinsa yakan kai kilo 800 ko fiye. Na biyu ana ce da shi Shetlan. Tsayinsa kamar metir 1 ne, kamar ƙaramin jaki, nauyinsa kuwa wajen kilo 200.

Waɗannan dawaki ba su iya barbara da junansu saboda bambancin girma. Sai Hamond da Waltan suka ɗebi irin ingarman Shaya suka sa wa ƙaramar goɗiyar Shetlan. Suka kuma ɗebi irin ɗan ingarman Shetlan suka sa wa babbar goɗiyar Shaya. Ƴaƴan da za a haifa duka gadonsu ɗaya ne: rabi Shaya, rabi Shetlan. In da gado kaɗai ke aiki, da sun fito da girma ɗaya. Akwai kuma abin tsoro. Idan ɗan ya ɗauko girman ubansa, ƙaramar goɗiya ba za ta iya haihuwarsa ba.

Bayan wata 11 goɗiyoyin suka haihu. Ƙaramar goɗiya ta haifi ɗan ƙaramin dukushi daidai da jikinta, ba tare da wahala ba. Babbar goɗiya kuwa ta haifi babban dukushi, wanda nauyinsa ya kusa ninka na wancan sau 3. Aka ci gaba da auna su suna girma. Bambancin ya ragu, amma bai gushe ba ko bayan shekaru. An buga labarin gwajin nan a 1938.

Gwajin ya nuna cewa mahaifar uwa ita ke tsara girman tayi. Babbar uwa tana da babbar mahaifa da babbar mabiyiya, tana ba tayinta abinci mai yawa ta cibiya. Bayan haihuwa kuma nononta ya fi yawa. Namiji mai kyau rabin aiki ne kawai. Idan uwa ƙarama ce, ko ramammiya, ɗanta ba zai kai girman da gadonsa ya ba shi ba.

5. Yadda jiki ke raba abinci

Hamond ya kuma binciki yadda dabba ke girma. Ya sa aka yanka tumaki masu shekaru dabam-dabam, daga jariri har babba. Aka feɗe su, aka raba ƙashi da tsoka da kitse, aka ɗora kowane ɓangare a ma'auni. Aiki ne mai cin rai, ya ɗauki shekaru. Littafin da ya ƙunshi lissafin ya fito a 1932.

Ya gano cewa sassan jiki ba su girma tare. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su ke fara girma, sannan ƙashi, sannan tsoka, kitse ne na ƙarshe. Shi ya sa ake haihuwar ɗan tunkiya da babban kai da dogayen ƙafafu, amma gadon bayansa da cinyoyinsa ba su da nama. Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki yakan raba shi bisa wannan jeri. Ƙwaƙwalwa da ƙashi su fara samu, tsoka da kitse su jira. Dabbar da ta sha yunwa tana ƙarama takan zama mai babban kai da dogayen ƙafafu, ba nama.

Tayi ma yana cikin masu fara samun rabo. Uwa mai ciki takan narkar da kitsenta, har da tsokarta, don ta ciyar da shi. Amma wannan yana da iyaka. Wani almajirin Hamond mai suna Walas, mutumin Niyu Zilan, ya gwada haka da tumaki a Kembirij. Tunkiya tana yin wata 5 da ciki. Ya raba tumaki kashi-kashi, waɗansu ya ba su abinci sosai, waɗansu kaɗan. Ya ga abincin watannin farko bai canza girman tayi da yawa ba. Na ƙarshen ciki shi ne mai muhimmanci, gama cikin mako 6 zuwa 8 na ƙarshe tayi yake yin mafi yawan girmansa, hantsa kuma take shirin nono. Tumakin da suka ƙoshi a lokacin nan sun haifi manyan ƴaƴa, sun ba da nono mai yawa. Waɗanda suka sha yunwa sun haifi raunana. An buga wannan a 1948.

Wannan darasi yana aiki duk inda ake kiyo. A ƙasashen da rani ke da tsawo, ƙarshen ciki yakan faɗo cikin bazara, lokacin da haki ya ƙare a daji. Makiyayin da ke da ƴar harawa ko dussa kaɗan, ba ta isa garke duka ba, ya san waɗanda zai fara ba: masu tsohon ciki da masu shayarwa.

6. Barbarar zamani

Dabarar da aka yi amfani da ita wajen dawakin nan ita ake kira barbarar zamani. Ana ɗibar irin namiji, a duba shi da madubi mai ƙara girman abu, a tsarma shi, a sa wa mace da siririn bututu a lokacin da take neman barbara. Ba Hamond ne ya ƙago ta ba. Wani masani ɗan Rasha mai suna Ibanof ya yi ta aiki da ita a kan dawaki tun farkon ƙarni na 20. A 1936 manoman Danmak suka kafa ƙungiyar farko ta yi wa shanu irin wannan barbara.

A Kembirij, Waltan ya nuna cewa sanyi yana tsawaita ran irin namiji. Ya kuma aika da irin rago daga Ingila zuwa ƙasar Polan. Bayan kwana 2 aka sa wa tumaki a can, aka kuwa samu ciki. Hamond ya ga amfanin wannan ga ƙananan manoma. Mai saniya 5 ko 10 ba ya iya sayen bijimi mai kyau. Yakan kai shanunsa ga san maƙwabci ko da ba shi da kyau, kuma ta haka cututtuka ke yawo daga garke zuwa garke. Bijimi 1 yana barbarar shanu kamar 30 zuwa 50 a shekara. Ta hanyar zamani kuwa irinsa yana isa dubbai.

Amma mutane da yawa ba su yarda ba. Masu sayar da bijimai sun ji tsoron kasuwarsu za ta faɗi. Waɗansu kuma suna ganin abin ya saɓa wa al'ada. Hamond bai yi fushi ba. Ya yi ta zagaya tarurrukan manoma yana bayani da harshen da suke ganewa, yana nuna musu lissafi da hotuna, gama gani ya kori ji.

Sai Yaƙin Duniya na 2 ya zo. Jiragen ruwan da ke kawo abinci Ingila suka riƙa nutsewa, ƙasar ta shiga ƙarancin abinci, yara suna bukatar madara. A 1942 aka buɗe cibiyar barbarar zamani ta farko a Ingila, a Kembirij, da ƙoƙarin Hamond da abokansa da manoman yankin. Manomi ya ga saniyarsa tana neman sa, sai ya aika, ma'aikaci ya zo da iri. Bayan yaƙi cibiyoyi irin wannan suka bazu cikin ƙasar. A 1946 Hamond ya kafa ƙungiyar da ke haɗa masu kiyon shanu da masana, domin kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Saura matsala ɗaya: irin sa ba ya wuce ƴan kwanaki. A 1949 wani matashin masani mai suna Polj, tare da abokan aikinsa a Landan, suka gano cewa wani ruwa mai suna gilisarin yana kare iri idan an daskarar da shi. A 1952 Polj da Rosan, likitan dabbobi na cibiyar Kembirij, suka nuna cewa shanu suna ɗaukar ciki da daskararren iri. Yau ana ajiye shi shekaru cikin tulun ƙarfe mai tsananin sanyi, digiri 196 ƙarƙashin sifiri, ana kai shi ƙasa zuwa ƙasa.

7. Malami da almajiransa

Hamond ya yi tafiye-tafiye da yawa don ba da shawara. Ya je Jamaika da Tirinidad da Ajantina da Ostareliya da Niyu Zilan. A ƙasashe masu zafi ya lura cewa shanun Turai zalla ba su yin kyau kamar yadda suke yi a gida. Zafi da ƙarancin abinci suna rage su. Waɗanda suka haɗa jini da shanu masu tozo sun fi jurewa. Ya koyar da cewa iri da abinci da yanayin ƙasa tare suke aiki, ba a raba su.

Almajirai suka riƙa zuwa wurinsa daga ƙasashe masu nisa. Akwai Cang, mutumin Sin, wanda ya gama karatu a Kembirij a 1941, daga baya ya wuce Amurka. A 1959 Cang ya haɗa ƙwan zomanya da irin zomo cikin kwalba, ya mai da su mahaifar wata zomanya, ta haifi ƴaƴa lafiyayyu. Akwai Hafiz, mutumin Masar, wanda ya binciki lokacin barbarar tumaki. A Turai tumaki ba su neman rago sai lokacin da yini ya fara gajarta, sannan su haihu idan sabon haki ya fito. A ƙasashe masu zafi, inda tsawon dare da yini ba su bambanta da yawa ba, tunkiya tana iya ɗaukar ciki a kowane wata idan ta ƙoshi. Daga baya Hafiz ya tsara babban littafi a kan haihuwar bisashe, wanda ya fito a 1962, ɗaliban likitan dabbobi suka yi ta karanta shi a ƙasashe da yawa.

A 1933 babbar ƙungiyar masanan kimiyya ta Ingila ta ɗauki Hamond cikin membobinta. Ya aje aikin jami'a a 1954, amma bai daina rubutu da ziyartar manoma ba. A 1960 Sarauniyar Ingila ta ba shi babbar lambar girma. Ya rasu a Kembirij ran 25 ga watan Agusta na 1964, yana da shekara 75.

Mafi yawan kayan aikinsa ba su fi ƙarfin kowa ba: ido, da ma'auni, da agogo, da kaye. Da su ya nuna wa makiyaya abu 3 da za su kula da su idan suna son garke ya ƙaru: a zaɓi iri mai kyau, a lura da lokacin barbara, a ciyar da uwa a ƙarshen ciki da lokacin shayarwa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Jon Hamond? Mene ne aikin ubansa da na kakansa?
2. Me ya gano da ya ƙidaya ƙullutai da ƴan tayi?
3. Don me ya fara gwaje-gwajensa da zomaye?
4. Awa nawa saniya take yi tana karɓar sa? Idan lokacin ya wuce, kwana nawa za a jira?
5. Wace goɗiya ce ta haifi babban dukushi? Me ya sa?
6. Ku jera waɗannan bisa yadda suke girma: kitse, ƙashi, ƙwaƙwalwa, tsoka.
7. Su wa suka ƙi barbarar zamani da farko? Mene ne dalilinsu?

Aiki

Ku zaɓi tunkiya ko akuya mai ciki a gidanku ko a unguwarku. Ku rubuta a kayenku abin da take ci kowace rana, da ranar da ta haihu, da yawan ƴaƴanta. Ku auna ɗan da ma'auni ran da aka haife shi, ku sake auna shi bayan kowane mako har wata 2. Sannan ku kawo lissafinku aji, ku gwada shi da na abokanku.